Mutum Ya Fi Masifarsa Girma



Dukanmu mun san yadda ake zuwa jaje ko ta'aziyya a ƙasar nan. Mutum ya tuɓe takalmi, ya durƙusa, ya ce, "Sannu, yaya haƙuri?" Mai gida ya amsa, "Da godiya." A yi addu'a, a ɗan zauna, a tashi. Al'ada ce mai kyau, kada Allah ya nuna mana ranar da za mu bar ta, gama zumunta a ƙafa take. Amma bayan kwana uku, bayan bakwai, sai a naɗe tabarmi, baƙi su watse, a bar mai abu da abinsa. Daga nan kuma wani abu yakan faru wanda ba mu cika lura da shi ba, watau sunan mutumin yakan canja a bakinmu. Matar da muka sani da sunanta na baftisma, wadda take ba da waƙa a Zumuntar Mata, sai ta koma "matar wanda aka sace". Saurayin da ya fi sa'o'insa iya huɗa sai ya koma "yaron nan da ya yi wata biyu a hannun 'yan bindiga". Dattijon da ya riƙe gandu shekara 30 sai ya zama "wanda bashi ya cinye wa gona". Ba da mugun nufi muke yi ba, kwatance ne kawai. Duk da haka, da wannan kwatance mukan ɗauki ranar da ta fi kowace muni a rayuwar mutum mu mai da ita sunansa.

Tambayar da nake so mu yi tunani a kanta ke nan: idan masifa ta faɗa wa ɗan'uwa, wane ne ke da hakkin ba da labarinsa, mene ne kuma wajibinmu mu da muke zaune kusa da shi? Amsar da zan yi ƙoƙarin nunawa ita ce, mai shan wahala yana bin mu bashin sauraro kamar yadda yake bin mu bashin hatsi, kuma sauraron da ya dace da Kirista shi ne wanda yake taimakon mutum ya tuna da sauran labarinsa wanda masifa ta rufe.

Abin da idonmu ya gani

Ba sai mun je nesa neman misali ba. Manyanmu suna tuna farin 1973 da yunwar da ta biyo bayansa. A 1996 annobar sanƙarau ta hallaka mutum fiye da 11,000 a Nijeriya, mafi yawansu a nan arewa. Ran 20 ga Janairu, 2012, aka kai wa birnin Kano hari, mutum wajen 185 suka rasa rayukansu a yini guda. Ran 29 ga Afrilu na shekarar aka buɗe wuta kan masu sujada a tsohuwar harabar Jami'ar Bayero. Ran Lahadi 27 ga Yuli, 2014, aka jefa bam a Cocin Waliyi Charles da ke Sabon Gari, mutum 5 suka mutu. A Disamba 2020 aka kwashe 'yan makaranta fiye da 300 a Ƙanƙara ta Jihar Katsina, wadda ba ta da nisa da mu. Ran 29 ga Mayu, 2023, aka janye tallafin man fetur, cikin 'yan kwanaki lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da naira 500, taki da kuɗin mota da kwanon masara suka bi ta. A Nuwamba 2025 aka sace yara fiye da 200 tare da malamansu daga makarantar Katolika ta Papiri a Dayosis na Kontagora, sai gab da Kirsimeti aka sako na ƙarshensu. A ƙarshen wannan shekarar kuma hare-haren 'yan bindiga suka taɓa ƙauyukan Shanono da Tsanyawa, maƙwabtanmu na arewa.

Gidan rediyo yakan faɗi adadin waɗanda suka mutu da waɗanda aka sako, daga nan ya wuce zuwa wani labari. Amma wanda aka sako ɗin gida zai koma, mu ne kuma zai tarar a gidan. Abin da zai zama bayan shekara 5 ya dangana ƙwarai ga yadda muka karɓe shi da yadda muke maganarsa.

Yadda kakanni suka raɗa wa yunwa suna

Kakanninmu suna da wata hikima da ya kamata mu sake dubawa. Idan babbar yunwa ta zo, sukan raɗa mata suna. Ta 1914 an san ta da Kakalaba a wurare da yawa. Ta 1942 aka kira ta 'Yar Gusau, domin can mutane suka riƙa dosa neman hatsi. Sunayen sukan bambanta daga gari zuwa gari, amma al'adar ɗaya ce. Tsoho yakan ce an haife shi shekarar 'Yar Gusau, ko ya yi aure bayan farin da ya kashe shanu. Da zarar yunwa ta sami suna, ta zama baƙuwa wadda ta shigo gari ta yi ɓarna ta fita. Manomin da rumbunsa ya ƙare a wannan shekara ba a kiransa rago, gama kowa ya san wadda ta yi aikin. Ana kuma iya zama a ƙofar gida a ba da labarin yadda aka yi da ita: wanda ya sayar da jakinsa, wadda ta ciyar da yara da tafasa da rama, wanda ya buɗe rumbunsa ya raba wa dangi. Labarin yunwa yakan zo tare da labarin waɗanda suka tsaya mata.

A shekarun 1980 wasu masu ba da shawara ga iyalai su biyu, Michael White na birnin Adelaide a Ostareliya da David Epston na Niyu Zilan, suka tsara wata hanyar taimakon masu damuwa wadda ake kira warkarwa ta hanyar labari. Littafin da suka wallafa a 1990 shi ya yaɗa ta a duniya. Abin da suka lura da shi shi ne, mutumin da ya daɗe cikin matsala yakan fara ɗaukar kansa shi ne matsalar. Yakan ce, ni matsoraci ne, ni marar amfani ne, ni mai baƙar ƙafa ce. Labarinsa duka yakan ƙanƙance ya koma zance ɗaya, duk abin da bai dace da zancen ba kuwa ya manta da shi. Saboda haka suka riƙa raba mutum da matsalarsa a cikin magana. A maimakon su tambaye shi me ya sa yake da tsoro, sai su tambaye shi yaushe Tsoro ya shigo gidansa, da wane lokaci ya fi zuwa, me yake raɗa masa a kunne, me ya ƙwace masa. Sa'an nan su nemi ranakun da Tsoro ya zo bai sami yadda yake so ba, su tambayi mutumin yadda ya yi a ranar, wa ya koya masa, wa kuma cikin waɗanda suka san shi ba zai yi mamakin jin haka ba. Da irin waɗannan tambayoyi labari na biyu yakan fito, wanda shi ma gaskiya ne kamar na farko, sai dai ba a taɓa ba shi wuri ba.

Wanda ya san yadda aka raɗa wa Kakalaba suna ba zai ga wannan baƙon abu ba ne. Wanda kuma ya taɓa ganin gayya, ya ji yadda makaɗi yake kiran manomi da sunan ubansa da kakansa har gajiyayye ya sake ɗaukar garma, ya riga ya san cewa tuna wa mutum asalinsa yana mai da masa ƙarfi. Abin da waɗannan masana suka yi shi ne sun tsara abin, sun mai da shi aikin da ake koyarwa.

Na'omi da matan Baitalami

Littafi Mai Tsarki ya riga su. Mu dubi Littafin Rut. Yunwa ta kori Na'omi da mijinta da 'ya'yansu maza biyu daga Baitalami zuwa ƙasar Mowab. A can mijin ya mutu, 'ya'yan biyu suka bi shi. Da ta komo gida matan gari suka gane ta, suka kira ta da sunanta, sai ta hana su. Ta ce su kira ta Mara, watau mai ɗaci, domin ta fita a wadace ta komo hannu wofi (Rut 1:20-21). Ga mace ta raɗa wa kanta sunan masifarta. Baƙin cikinta gaskiya ne, ba wanda zai ce ta yi ƙari. Amma a lura, lokacin da take cewa ta komo hannu wofi, Rut matar ɗanta tana tsaye a gefenta, yarinyar da ta bar ƙasarta da danginta domin ta bi ta. Baƙin ciki ya rufe wa Na'omi ido har ba ta lissafa ta ba.

Matan Baitalami ba su yi mata gardama a ranar ba, ba su kuma yi mata wa'azi ba. Sai dai ba inda littafin ya nuna sun karɓi sabon sunan. Bayan kaka ta wuce, Bo'aza ya auri Rut, aka haifi Obida, su ne suka zo suka ba Na'omi labarinta ta wata fuska. Suka nuna mata cewa Ubangiji bai bar ta ba mai fansa ba, suka kuma faɗa mata darajar surukar nan da ta ƙaunace ta (Rut 4:14-17). Ba su tashi mijinta daga kabari ba, ba su ce mutuwar 'ya'yanta ba kome ba ce. Sun riƙe mata sunanta na gaskiya har ranar da ta iya sake amsa shi. Aikin Zumuntar Mata ke nan tun kafin a kafa ta.

Haka kuma matar nan mai zubar jini shekara 12, wadda Markus bai ma faɗi sunanta ba, da cutarta aka san ta. Bayan ta warke Ubangijinmu Yesu bai bar ta ta sulale ba. Ya tsaya cikin taro ya ba ta wuri ta faɗi dukan abin da ya same ta, sa'an nan ya kira ta 'yarsa a gaban kowa (Markus 5:25-34).

To, ina haƙuri?

Na san abin da wani dattijo zai ce, kuma maganarsa abin dubawa ce. Zai ce an tashe mu da kunya da kawaici, haƙuri maganin zaman duniya, ciki kuma ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Zai ce yawan faɗin wahala tone-tone ne, har ma yana iya zama gunaguni ga Allah wanda ya ƙaddara abin.

Akwai gaskiya a ciki. Haƙuri ne ya riƙe gidajenmu shekaru aru-aru, kuma akwai mutumin da shirunsa shi ne maganinsa. Ba wanda yake da iko ya tilasta wa ɗan'uwa ya buɗe abin da bai shirya buɗewa ba. Tilasta wa wanda aka azabtar ya maimaita azabarsa dalla-dalla domin mu ji, zalunci ne na biyu.

Amma mu bambanta haƙurin da mutum ya zaɓa da shirun da aka ɗora masa. Sau da yawa idan muka ce wa mutum "sai haƙuri" tun bai gama magana ba, kanmu muke ceto, domin abin da zai faɗa ya fi ƙarfin kunnenmu. Ayuba, wanda muke buga misali da haƙurinsa, bai yi shiru ba. Ya la'anci ranar haihuwarsa, ya yi ta kai ƙara gaban Allah sura bayan sura. Abokansa uku sun yi daidai kwana bakwai na farko da suka zauna tare da shi a ƙasa ba su ce uffan ba (Ayuba 2:13). Sun ɓata ne da suka buɗe baki suka fara ba shi labarin kansa, suna cewa lalle akwai zunubin da ya jawo masa. A ƙarshe su ne Allah ya yi fushi da su, Ayuba mai kuka kuwa ya ce ya faɗi daidai (Ayuba 42:7). Zabura cike take da kukan masu wahala, Ikklisiya kuma ta sa mana su a baki mu yi addu'a da su. Ubangijinmu kansa da farkon Zabura 22 ya yi kuka a kan gicciye. Saboda haka faɗin ciwo a gaban Allah da gaban 'yan'uwa ba ya rage bangaskiya. Mai haƙuri na gaske yana iya cewa abin ya yi masa zafi, ya kuma ci gaba da dogara ga Allah.

Akwai wani wurin da shirunmu yake kisa. Idan mace ta komo daga hannun waɗanda suka sace ta, ba a tambayarta kome a fili, amma ana raɗe-raɗi a bakin rijiya da wurin niƙa. Manemi ya janye, wani lokaci miji ya juya baya. Wannan tambaya ta taɓa zuwa gaban Waliyi Agustin, Bishop na Hippo a ƙasar Aljeriya ta yau. A shekara ta 410 mayaƙa suka ci birnin Roma, suka yi wa mata da yawa fyaɗe, har da waɗanda suka keɓe kansu ga Allah. A farkon littafinsa na Birnin Allah ya koyar a fili cewa tsarki a zuciya da nufin mutum yake, saboda haka wadda aka fi ƙarfinta ba ta rasa tsarkinta ba, laifin duka na wanda ya aikata ne. Wannan koyarwa ta shekara 1,600 ta shafe mu kai tsaye. Bishop Patrick Sheehan, wanda a hannunsa Kano ta zama cikakken dayosis a 1999, da Bishop John Namaza Niyiring da ya gaje shi a 2008, dukansu 'yan ƙungiyar Waliyi Agustin ne. Kunyar da muke ɗora wa irin wannan 'yar'uwa ba tata ba ce. Duk wanda ya maimaita raɗe-raɗin ya taya wanda ya cuce ta aiki.

Ina kuma alhakin mai laifi?

Wani kuma zai ce, idan aka raba mutum da matsalarsa, ashe kowa zai sami mafaka ke nan. Mashayi ya ce Giya ce ta doki matarsa, ɓarawo ya ce Talauci ne ya saci akuyar.

A ce ga magidanci wanda ya sayar da gonarsa da shanun huɗarsa domin ya biya kuɗin fansar ɗansa. Ɗan ya dawo, amma uban ba shi da inda zai sa garma. Ya fara kwana a gidan burkutu, ya dawo ya huce a kan matarsa. Idan muka ce masa shi mashayi ne, asalinsa ke nan, mun rufe masa ƙofa, gama mutum ba ya iya yaƙi da abin da aka ce shi ne kansa. Idan kuma muka ce ba laifinsa ba ne, mun yi ƙarya, mun kuma bar matar cikin haɗari. Hanyar da ta rage ita ce a tambaye shi: me giya ta ƙwace maka bayan abin da 'yan bindiga suka ƙwace? Mutumin da ya sayar da gonarsa domin ɗansa, me zai ce da hannun da yake dukan uwar ɗan? Kana bayan giya ne ko kana bayan gidanka? Wannan tambaya ta fi zagi nauyi, domin ta mai da masa alhakin zaɓi. Kafin ya amsa kuwa, wajibi ne dangi da shugabannin coci su tsare matar da yaran daga duka, ba a jiran tubarsa kafin a yi wannan.

Waliyi Agustin ya sa wannan a ƙa'idar da ya rubuta wa masu zaman zuhudu, cewa a yi gyara da ƙaunar mutum da ƙin laifinsa. Abin da muke yi ke nan a Sakramentin Tuba. Mai tuba yakan durƙusa ya faɗi zunubinsa da bakinsa, ba ya ɗora wa kowa. Fada kuma ya sanar masa da gafara da sunan Kristi, ya sallame shi a matsayin ɗan Allah. Da a ce mutum shi ne zunubinsa, da ba abin da za a kwance masa.

Yadda ake sauraro

Ranar tashin Ubangiji daga matattu almajirai biyu suna tafiya Imuwasu cikin baƙin ciki (Luka 24:13-35). Yesu ya san abin da ya faru fiye da kowa, gama a jikinsa aka yi shi. Duk da haka ya tambaye su, ya bar su suka faɗi labarin yadda suka gan shi, har da begensu da ya karye. Sai da suka gama ya ɗauki wannan labari ya sa shi cikin babban labari tun daga Musa da annabawa. Bayan haka ya zauna cin abinci da su. A daren suka koma Urushalima wurin 'yan'uwa domin su ba da sabon labari. Mu lura da jerin: tambaya, sauraro, bayani, cin abinci, komawa cikin jama'a. Mu kuwa da bayani mukan fara.

Ga abin da kowane katikis da uwar zumunta da shugaban matasa zai iya yi ba tare da kashe ko kwabo ba.

Na farko, a koma bayan an naɗe tabarmi. Ziyarar wata na biyu da na uku ta fi ta kwana uku amfani, domin a lokacin ne kaɗaici yake shigowa.

Na biyu, a bar mai labari ya riƙe linzaminsa. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, mai ɗaki kuma shi ya san inda yake masa yoyo. Inda ya tsaya a tsaya. Kada a ce masa an san yadda yake ji, kada kuma a kawo masa labarin wanda nasa ya fi muni.

Na uku, bayan an ji abin da aka yi masa, a tambayi abin da shi ya yi. Ba wanda masifa take samu yana kwance kamar gungume. Yaron da aka tsare a daji wataƙila ya raba ɗan abincinsa da ƙaraminsa, ko ya riƙa yin addu'ar Ubanmu a zuciya, ko ya goya wanda ƙafarsa ta kumbura. Gwauruwa ta tashi da asuba ta yi ƙosai ta biya kuɗin makaranta. Su kansu ba sa ganin waɗannan a bakin kome sai an tambaya. A tambaye su wa ya koya musu haka. Sau da yawa za a ji sunan wata kaka da ta daɗe da rasuwa, sai ka ga fuskar mai magana ta saki.

Na huɗu, game da yara. A 2006 wata masaniyar halayyar ɗan Adam 'yar Zimbabuwe, Ncazelo Ncube, tare da David Denborough na cibiyar Dulwich ta Adelaide, suka tsara wata hanya domin yaran da cutar ƙanjamau ta raba da iyayensu a kudancin Afirka. Sun ga cewa sa marayu su yi ta maimaita labarin mutuwa kuka kawai yake ƙara musu. Sai suka ba kowane yaro takarda ya zana itace. Saiwoyi su ne asalinsa da garinsu da danginsa. Ƙasar da itacen yake tsaye a kai ita ce zamansa na yau da kullum. Gangar jikin ita ce abubuwan da ya iya. Rassa su ne burinsa. Ganyaye su ne mutanen da yake ƙauna, rayayyu da matattu. 'Ya'yan itacen kuwa kyautai ne da aka taɓa yi masa. Sai a manna zanen yara duka a bango su zama kurmi, daga nan ne ake maganar hadarin da yake faɗa wa kurmi da yadda itatuwa suke tsira. Yaro yakan yi maganar hadari bayan ya riga ya ga saiwarsa, ya kuma ga ba shi kaɗai ba ne. Malamin katikisma a Masanawa zai iya yin wannan da alli da allo, ko da tsinke a kan rairayi, yaro ya zana kuka ko ɗorawa ko mangwaron ƙofar gidansu.

Na biyar, mai labari yana bukatar shaidu. Idan ya yarda, mutum uku ko huɗu da shi ya zaɓa su saurare shi. In ya gama kada su ba shi shawara, kada su yi masa kirarin banza. Kowa ya faɗi kalmar da ta tsaya masa a rai cikin abin da ya ji, da abin da ta tuna masa a tasa rayuwar. Ta haka wanda ya zo yana ganin kansa abin tausayi yakan tashi ya san ya ba wasu wani abu. Babban taron bishop-bishop na Afirka na 1994 ya kira Ikklisiya iyalin Allah, Paparoma Yohanna Bulus na 2 kuma ya tabbatar da haka a Yawunde a 1995. A cikin iyali ana sanin mutum tun kafin masifarsa, shi ya sa iyali suke iya ba da shaidar da baƙo ba zai iya ba.

Na shida, amana. A nan ne karin maganar dattijon nan take aiki: ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Magana zarar bunu ce. Abin da 'yar'uwa ta faɗa a zumunta idan ya fita kasuwar Getso, mun yi mata ɓarnar da ta fi ta farko, kuma ba wadda za ta sake buɗe baki. Har roƙon addu'a yana iya zama gulma idan aka faɗi abin da mai shi bai ba da izini ba.

Kada kuma mu tsaya a ƙofar coci. Harsashi da tsadar taki ba sa tambayar addini. Maƙwabtanmu Musulmi da danginmu masu bin al'adar gargajiya sukan zo mana jaje, mu ma mukan je musu. Kunnen da muka koya a gaban bagade nasu ne su ma.

Iyakar magana

Kada wani ya ɗauka cewa sauraro ya isa. Manzo Yakubu ya tsawata wa wanda yake sallamar mayunwaci da fatan alheri bai ba shi abin da zai ci ba (Yakubu 2:15-16). Matan Baitalami sun yi magana, amma sai da Bo'aza ya bar Rut ta yi kala a gonarsa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Gayya a gonar gwauruwa, adashi domin wanda ya sayar da jarinsa, kwanon dawa daga kowane gida bayan girbi, aron shanun huɗa na yini guda, waɗannan ma suna faɗa wa mutum cewa har yanzu shi namu ne. Neman hukuma ta tsare ƙauyuka, ta kuma hukunta masu laifi, shi ma wajibi ne, gama raɗa wa masifa suna ba ya nufin a manta cewa mutane ne suka aikata ta.

Akwai kuma ciwon da ya fi ƙarfin zumunta. Idan mutum ya yi makonni ba ya barci, ba ya cin abinci, yana firgita da ƙaramin motsi, yana jin muryoyi, ko ya fara maganar kashe kansa, kada a tsaya cewa iskoki ne ko rashin bangaskiya. A kai shi babban asibitin Gwarzo, ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ko asibitin masu ciwon ƙwaƙwalwa na Dawanau. A raka shi, a kuma ci gaba da ziyartarsa bayan ya dawo. Likita da addu'a ba kishiyoyi ba ne.

'Yan'uwa, da Ubangijinmu ya tashi daga matattu bai ɓoye tabon ƙusoshi ba, ya nuna wa Toma su (Yohanna 20:27). Haka waɗanda suka sha wahala a cikinmu za su ci gaba da ɗaukar tabonsu, ba mu da ikon share shi. Abin da yake hannunmu shi ne sunan da za mu kira su da shi. Ran Lahadi mai zuwa bayan Misa, kowa ya tuna da mutum ɗaya wanda ya saba kwatantawa da masifarsa. Ya je ya gaishe shi da sunansa na baftisma, ya zauna, ya tambaye shi yadda ya yi ya kai yau, sa'an nan ya yi shiru ya ji amsa.

Allah Uba, wanda ya san kowannenmu da suna, ya ba mu kunnen ji da cikin riƙe amana. Ya ta'azantar da masu makoki, ya komo da waɗanda suke tsare, ya ba ƙasarmu zaman lafiya da damina mai albarka. Budurwa Maryamu, wadda ta tsaya a gindin gicciye, ta yi roƙo dominmu. Amin.